Masu Karanta Ɗigon Jini a Garwa

Daga watan Agusta, idan marka ta zauna a arewacin Kamaru, kogin Binuwai ya cika, fadamun Garwa da Pitowa da gonakin shinkafar da ke ƙasan madatsar Lagdo duk suka sha ruwa, da wuya ka sami ƙofar da ta fi ta ɗakin gwajin jini taro a asibitocin yankin. Likita ya taɓa goshin yaro, ya rubuta 'yar takarda, ya ce a je a duba jini. Uwa ta riƙe yatsan ɗanta a soka, ta koma benci ta zauna. Abin da ke faruwa a bayan ƙofar cikin sa'a guda, kaɗan daga masu jiran ne suka taɓa ganinsa. A wurina yana cikin ayyukan hannu da ido mafiya kyau da ake yi a asibiti, kuma mai yinsa ne ya fi kowa ganin yadda jikin ɗan Adam ke kokawa da zazzaɓin cizon sauro.

Aikin yana farawa da 'yar faranti ta gilashi mai tsawon yatsa. A gefe guda ake ɗiga jini sau biyu ko uku, a sa kusurwar wani gilashin a baza shi ya zama da'ira kamar faɗin farce. Wannan shi ne ɗigo mai kauri, wanda ma'aikatan asibitin Garwa ke kira gut-epes da Faransanci. Kaurin nasa yana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ba ta bukatar na'ura: idan ka ɗora gilashin a kan jarida, ya kamata ka iya hango rubutun da ƙyar. In rubutun ya fito tar, jinin ya yi kaɗan. In ya ɓace gaba ɗaya, ya yi yawa, zai ɓamɓare wajen rini. A ɗaya gefen kuma ake ɗiga ƙaramin ɗigo, a jingina bakin wani gilashi a karkace, a jira jinin ya bi bakin, sannan a tura shi gaba da motsi ɗaya tak, ba tsayawa, ba rawar hannu. Idan hannu ya ƙware, jinin yakan shimfiɗu yana sirancewa har ya ƙare da wutsiya inda ƙwayoyin jini ke kwance ɗaya bayan ɗaya ba su hau juna ba. Sabon shiga yakan ɓata gilasai masu yawa kafin wutsiyar ta fito masa.

Kowanne da aikinsa. Mai kaurin yana tara jini mai yawa a ɗan wuri, shi ke faɗa maka ko akwai ƙwayar cutar da kuma yawanta. Siririn yana barin jajayen ƙwayoyin jini da siffarsu, shi ke faɗa maka wace iri ce. Shi ya sa ake tsoma siririn a sinadarin metanol don ya kafe, amma mai kaurin ba a bari ko tururin metanol ya taɓa shi, domin so ake ruwan rini ya fasa jajayen ƙwayoyin, launinsu ya wanke, a bar ƙwayar cutar tsirara. A nan yanayin Garwa ke shigowa cikin aikin. A watan Maris da Afirilu zafi kan haura digiri 40, kuma zafi kaɗai yana iya kafe ɗigon in aka bar shi ya daɗe. Da hunturu ƙura ce ke sauka a kai. Da damina jinin ba ya bushewa da wuri, ga ƙuda da ke lashe shi in an yi sake. Wanda ya iya aikin ya san inda zai ajiye gilashinsa a kowane lokaci na shekara.

Rinin da ake amfani da shi sunan wanda ya haɗa shi yake ɗauke da shi, Gustav Giemsa, wani masanin sinadarai da ya yi aiki a birnin Hambug na Jamus, ya kuma fitar da shi a 1904. Fiye da shekara 120 ke nan ba a sami abin da ya ture shi ba. Ana surka shi da ruwa a ranar da za a yi aiki da shi, kashi 10 cikin ɗari idan ana gaggawa, gilashin ya yi kamar minti 10 a ciki, ko kashi 3 cikin ɗari idan ana son aiki mai tsabta, a ba shi minti 45 zuwa sa'a guda. Ruwan ma ba kowanne ba. Ma'aunin tsaminsa 7.2 ake so. In ya yi tsami, komai sai ya fito jaja-jaja. In ya zarce ɗaya ɓangaren, komai ya yi shuɗi mai duhu. Tsohon ma'aikaci yana ɗora ido a madubin likita, daga launin fararen ƙwayoyin jini kawai zai ce maka ruwan yau bai yi ba.

Sai a ɗiga mai a kan gilashin, a sauke idon madubin likita har ya taɓa man, a girmama abin da ke ciki sau dubu. Hannu ɗaya yana matsar da gilashin fili bayan fili, ɗayan kuma ba ya barin maɓallin daidaita gani, yana murza shi gaba da baya kaɗan-kaɗan, domin ɗigon yana da zurfi, abin da ke sama daban da na ƙasa. Abin da ake nema ɗan zobe ne mai shuɗi da ɗigon ja a gefensa. Dole a ga biyun tare. Ja kaɗai na iya zama dattin rini. Akwai kuma 'yan gutsattsarin jini masu sa shi daskarewa, waɗanda ke yaudarar ɗalibai kullum, musamman in ɗaya ya hau kan jar ƙwaya. Kafin a rubuta babu, sai an bi aƙalla fili ɗari. Rubuta babu ya fi rubuta akwai wuya, domin haƙuri yake ci, kuma ga layi a waje. Gwani na iya kama cutar ko da ƙwaya 5 zuwa 10 ce a cikin maikurolita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na lita. Matsakaicin ma'aikaci sai ta kai 50 ko 100.

Iri huɗu ne suka daɗe suna kama mutum, kuma wadda ke kisa a ƙasashenmu ita ce falsifarum. Idan ta shirya komawa cikin sauro takan ɗauki siffar jinjirin wata, wadda ko ɗalibin makon farko ba ya mantawa. Malariye takan miƙe kamar ɗamara a tsakiyar jar ƙwaya, obale kuma takan sa ƙwayar ta yi tsawo da gefe mai yage-yage. Tun 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya fara hango ƙwayar cutar a jinin wani soja a garin Kusantina na Aljeriya, ba tare da rini ba, kuma an ɗau shekaru kafin manyan likitocin Turai su yarda da shi.

Sai dai inda gwanintar take da gaske shi ne ƙirga. Ma'aikaci yana riƙe da 'yan na'urorin ƙirga guda biyu, ɗaya na ƙwayar cuta, ɗaya na fararen ƙwayoyin jini. Yana dannawa har fararen su kai 200. Tunda ana ɗauka cewa maikurolita ɗaya na ɗauke da farare kusan 8,000, lissafin mai sauƙi ne: in ya ƙirga ƙwayar cuta 500, yaron na da 20,000 a kowace maikurolita. Mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, suna ganin wannan ɓata lokaci ne, a cewarsu in akwai ai akwai. A Faransa ko Ingila maganarsu gaskiya ce, domin ƙwaya ɗaya a jinin Bature rashin lafiya ce. A Garwa ba haka ba ne. Je ka kasuwa a watan Oktoba ka ɗibi jinin majiya ƙarfi masu ɗaukar buhu, za ka sami ƙwayar a jinin wasunsu, ba ciwon kai, ba zazzaɓi. In irin wannan mutum ya zo asibiti da zazzaɓin taifod ko ciwon huhu, aka ga 'yan zobba a jininsa aka ce maleriya ce, an ba shi maganin abin da ba shi ke damunsa ba. Adadin ne ke taimaka wa likita ya rarrabe tsakanin wanda cutar ta kayar da wanda ke ɗauke da ita kawai.

Me ya sa babba ke yawo da abin da ke kashe ɗan shekara biyu? Amsar tana cikin yadda cutar ke tafiya a jiki. Macen sauro ta zuba 'yan ƙwayoyi a fata, su bi jini su shige hanta. A can suna yin kusan mako guda shiru, kowace ɗaya ta hayayyafa zuwa dubun dubata. Sai su fashe su afka wa jajayen ƙwayoyin jini, inda duk sa'a 48 kowace ke fitar da 'ya'ya 16 zuwa sama, kuma fashewar nan ce ke kawo rawar ɗari da zafin jiki. Saifa aikinta tace jini, tana kama duk jar ƙwayar da ta lalace. Falsifarum ta sami hanyar kauce mata: idan ta fara girma, sai ta fito da wani furotin mai danƙo a bayan ƙwayar da take ciki, ta manne a bangon ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, ko hanji, ko huhu. Wannan mannewa ce ke kawo suma da jijjiga. Ita ce kuma dalilin da ya sa mai duba jini yake ganin ƙananan zobba kawai, manyan sun ɓuya. Saboda haka gwani yana karanta har abin da ba ya kan gilashin. In ya ga manyan sun fito fili, ko ya ga baƙin tabon da cutar ke bari a cikin fararen ƙwayoyin jini, ya san abin da ke ɓoye ya fi abin da ya ƙirga, ba ya jiran a zo karɓar takarda, da kansa yake aikawa a gaya wa likita.

Jiki yana koyon gane wannan furotin mai danƙo, ya ƙera masa sinadaran kariya da likitoci ke kira antibodi. Matsalar ita ce ƙwayar tana da kusan ƙwayoyin gado 60 na wannan furotin, tana sa ɗaya ta ajiye saura, kamar ɓarawon da ke sauya riga duk lokacin da 'yan unguwa suka gane wadda ya sa. Kuma na wannan zuriya daban da na waccan. Shi ya sa kyanda sau ɗaya take kama mutum ya huta, maleriya kuwa sai an sha ta damina bayan damina. Kariya daga mai tsanani takan fara samuwa da wuri. Kariya daga zazzaɓin kansa sai a hankali. Kariyar da za ta hana ƙwayar shiga jini kwata-kwata kuwa, kusan ba wanda ke samunta. Kuɗin wannan karatu yara ƙanana ne ke biyansa, wasu da ransu.

Cewa kariyar tana cikin jini, an tabbatar da shi a Gambiya a 1961, lokacin da Sydney Cohen da Ian McGregor da abokin aikinsu suka tace antibodi daga jinin manya suka ba yara masu fama da cutar, yawan ƙwayar ya faɗi, zazzaɓin ya sauka. Wannan ya bayyana abin da ungozomomi suka daɗe da lura da shi, cewa jinjiri a watanninsa na farko bai cika kamuwa ba, domin ya fito da guzurin kariyar uwarsa, wanda ke ƙarewa wajen wata shida. Mai cikin fari kuma tana komawa cikin haɗari ko da ta girma a bakin Binuwai, saboda akwai wata rigar da ƙwayar ke sawa don mannewa a mabiyiya kaɗai, wadda jikin matar bai taɓa gani ba. Ɗan Garwa da ya yi shekaru a Turai shi ma kariyarsa na raguwa, ya dawo hutu da damina yana cewa shi ɗan gida ne, kwana goma ya kwanta.

Gado ma yana da hannu. Wanda ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya kawai, mai jinin AS, haɗarin maleriya mai tsanani a kansa ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari, dalilin da ya sa wannan gado ya yawaita a Afirka duk da wahalar da yake jawo wa masu SS. Wani bincike da David Modiano ya jagoranta a Burkina Faso, aka buga a 1996, ya nuna Fulani na da ƙarancin ƙwayar a jini da yawan antibodi fiye da maƙwabtansu Mosi da Rimaiɓe, alhali sauro ɗaya ke cizonsu. An sake ganin haka a Mali tsakanin Fulani da Dogon. Ba wai Bafulatani ba ya kamuwa ba ne, kowa a Adamawa ya san yana kamuwa, ragi ne kawai. Abin lura shi ne duk waɗannan bincike a kan ƙirgar masu duba gilashi suka tsaya. Haka aikin Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi daga 1969 zuwa 1976 a ƙasar da a yau take jihar Jigawa. An riƙa komawa ƙauyuka ana ɗibar jinin dubban mutane, ana karantawa. Da aka yi feshi aka raba magani, cutar ta ragu sosai, antibodin mutane ma ya ragu, da aka daina kuma ta dawo. Har yau masu lissafin yaɗuwar maleriya a duniya suna amfani da alƙaluman Garki. Sunayen Molineaux da Gramiccia ne a bangon littafin da aka rubuta kan aikin, amma idanun da suka yi ƙirgar na 'yan ƙasa ne.

Masu neman rigakafi sun ga cewa bin ƙwayar a cikin jini wahala ce, sai suka nufi ƙofar hanta. A 1967 Ruth Nussenzweig ta nuna a New York cewa in aka raunana ƙwayoyin da sauro ke zubawa aka yi wa ɓeraye allurarsu, suna samun kariya. Daga wannan hanya aka fito da allurar RTS,S a 1987, haɗin gwiwar kamfanin da a yau ake kira GSK da cibiyar binciken sojan Amurka ta Walter Reed. Allurar tana koya wa jiki gane furotin da ke lulluɓe ƙwayar kafin ta shiga hanta. Lokacin tarewar gajere ne, kuma in ɗaya ta kuɓuce ta isa ta haifi dubbai, shi ya sa ake bukatar antibodi mai yawan gaske, shi ya sa kuma kariyar ke raguwa da sauri. A babban gwajin da aka yi daga 2009 zuwa 2014 a ƙasashen Afirka bakwai, da yara kusan 15,000, allura huɗu sun rage kamuwa da kashi 36 cikin ɗari a tsawon shekara huɗu ga waɗanda aka fara musu tsakanin wata 5 da 17. Yaya aka san wannan adadi? Ba a lissafa yaro a matsayin mai maleriya sai yana da zazzaɓi kuma ƙwayar ta haura 5,000 a maikurolita. Mutum biyu ke karanta kowane gilashi ba tare da ɗaya ya san amsar ɗaya ba, in suka saɓa a kira na uku. Hukuncin aikin kusan shekara talatin ya dawo hannun mai madubi da na'urar ƙirgarsa.

Bayan fara gwajin aiki a Ghana da Kenya da Malawi a 2019, inda daga baya aka ga mutuwar yaran da suka isa karɓar allurar ta ragu da kashi 13 cikin ɗari, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a watan Oktoba 2021. Kamaru ce ƙasa ta farko da ta sa ta cikin jerin alluran yara na yau da kullum. An sauke allurai 331,200 a Yawunde a watan Nuwamba 2023, aka ƙaddamar a garin Sowa ranar 22 ga Janairu 2024, aka fara da gundumomin lafiya 42 a faɗin ƙasar. Kyauta ce, sau huɗu: wata 6, wata 7, wata 9, sai ta ƙarshe a shekara biyu. Ta ƙarshen nan ce abin damuwa, domin uwa da ta saba cewa rigakafi ya ƙare da na kyanda a wata tara, ga sabon goyo, ga aikin gonar auduga, ba lallai ta tuna ta dawo bayan wata goma sha biyar ba.

Masu raina kashi 36 ban ga laifinsu sosai ba, idan aka kwatanta da allurar kyanda. Amma cutar da ta kashe kusan mutum 597,000 a 2023, akasarinsu yaran Afirka, ragin kashi ɗaya cikin uku a kanta ba ƙaramin abu ba ne. Kuma arewacin Kamaru yana da wata dama. Tun 2016 ake bin gida-gida a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa da damina ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya wata-wata. Binciken da aka yi a Buguni ta Mali da Hunde ta Burkina Faso, aka buga a 2021, ya nuna in aka haɗa wannan magani da allurar da aka yi gab da damina, kamuwa na raguwa da kusan kashi 60, kwanciya asibiti da mutuwa da kusan kashi 70, fiye da a yi ɗaya kaɗai. Damina ɗaya ce a Hunde, damina ɗaya ce a Garwa da Marwa. Akwai kuma allura ta biyu, R21, ta Jami'ar Oxford, wadda kamfanin Serum na Indiya ke yi da yawa da araha. An amince da ita a Oktoba 2023, Nijeriya ta fara da ita a Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024. A Nanoro ta Burkina Faso, inda Halidou Tinto ke jagorantar bincike, an gwada wata mai suna RH5.1 wadda ke tare ƙwayar lokacin da za ta shiga jar ƙwayar jini, ta ba da kariyar kusan kashi 55. Fatan shi ne a haɗa ta da ta ƙofar hanta, wadda ta kuɓuce wa ta farko ta faɗa hannun ta biyu.

Yanzu a yawancin ƙananan asibitoci 'yar robar gwajin gaggawa ce ta karɓi aikin, minti 15 layi ya fito. Alheri ce ga ƙauyen da ba wuta ba madubi, ba na musun haka. Amma ba ta ƙirga. Furotin da take ganowa yana iya zama a jini makonni bayan an warke, sai ta ce akwai alhali babu. A Eritiriya kuma an sami ƙwayoyin da suka daina yin furotin gaba ɗaya, sai ta ce babu alhali yaro na mutuwa, har ƙasar ta sauya irin gwajin da take amfani da shi. Masu madubi ne suka tona wannan. Su ne kuma ke duba jini a rana ta uku bayan shan magani don a ga ko ya share ƙwayar, yanzu da aka tabbatar da alamun turjiya ga maganin atemisinin a Ruwanda da Uganda. Garwa tana da reshen Cibiyar Pasteur ta Kamaru da babban asibitin yanki, wuraren da ƙananan ɗakunan gwaji za su iya jingina da su. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jarrabawa ta musamman ga masu wannan aiki, ana ba mutum gilasan da aka riga aka san amsarsu, a auna gano cutar, da faɗin irinta, da ƙirga, a sa shi a mataki na ɗaya zuwa na huɗu. Shaidar tana da wa'adi, bayan 'yan shekaru sai an sake zama, domin idon da ya daina duba gilashi kullum yana mantuwa. Yayin da yaran da aka yi wa allura a 2024 ke girma, tambayar da ke gaban masu bincike ita ce ko cutar za ta koma kan 'yan shekara shida zuwa goma, waɗanda suka wuce shekarun maganin damina, kuma ba su sha cizon da ya gina wa yayyensu garkuwa ba. Za a san amsar ne ta hanyar ɗibar jinin 'yan makarantun firamare a ƙarshen kowace damina, a rina, a ƙirga.